Tafiya Neman Aiki a Ƙasar Waje: Abin da Ya Kamata Musulmi Ya Shirya Kafin Ya Bar Gida



Tambayoyin da suka fi yawan zuwa mana a 'yan shekarun nan daga matasa da ɗalibai, har da magidanta, su ne na tafiya waje. Wani Saudiyya yake so, wani Libiya ko Aljeriya, wani Abijan ko Akkara, wani kuma hankalinsa na Turai. Akasarinsu sai sun gama biyan dillali, sun sayar da gona ko babur, sannan su zo neman addu'a. Addu'a kam za mu yi, amma shawara tana da lokacinta, kuma lokacinta kafin kuɗi su fita daga hannu ne. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattara abin da ya shafi wannan al'amari wuri guda, na shari'a da na zaman duniya, domin mai niyyar tafiya ya karanta tun da sauran dama, limamai kuma su samu abin da za su faɗa wa jama'arsu.

Hukuncin tafiyar

Asalin tafiya neman halal halal ce. Allah Maɗaukakin Sarki ya umurce mu a Suratul Mulki, aya ta 15, mu yi tafiya a sassan ƙasa mu ci daga arzikinsa. Annabi Musa (AS) ya bar Masar ya yi aikin ƙodago a Madyana bisa yarjejeniyar shekara takwas, ko goma in ya ga dama, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasasi. Abdurrahman ɗan Aufu (RA) da ya isa Madina ba shi da komai, aka yi masa tayin rabin dukiya, sai ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Mu ma Hausawa ba baƙin tafiya ba ne. Fataucin goro ne ya kai kakanninmu Gwanja da Salaga har aka kafa zangon Kumasi, hanyar hajji ta ƙasa kuma ita ta zaunar da dubban mutanenmu a Cadi da Sudan.

Amma hukuncin yakan canza da halin mai tafiya. Tana zama makaruhiya ko haram idan za ta kai ga tozarta wani haƙƙi na wajibi, ko aikin da za a je yi haramun ne, ko hanyar tana da rinjayen zaton halaka. Game da zama a ƙasar da ba ta Musulmi ba, malaman Malikiyya na da sun tsananta ƙwarai. Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya yi fatawa cewa wajibi ne Musulmin Andalus su bar ƙasar bayan ta faɗa hannun Kiristoci. Sai dai halin da ya yi magana a kai hali ne na yaƙi da tsoron tilasta wa mutane barin addini. Mafi yawan malaman wannan zamani sun tafi a kan halacci da sharaɗin mutum ya iya bayyana addininsa, ya yi sallarsa da azuminsa, ya kuma amince wa kansa da 'ya'yansa daga fitina. Hujjarsu hijirar sahabbai zuwa Habasha a shekara ta biyar bayan aiko Annabi (SAW), inda suka zauna ƙarƙashin Najjashi, sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Wannan ra'ayin muke bi. Muna dai ƙara cewa sharaɗin amincewa daga fitina ba kowa ke cika shi ba. Saurayin da a garinsu ma sai an tashe shi sallar asuba da faɗa, ya yi wa kansa hisabi kafin ya je inda babu ladan kuma babu mai tashinsa.

Haƙƙoƙin da ake sauke wa kafin a ɗaura kaya

A nan ne mutane suka fi sakaci, don haka a nan za mu daɗe.

Iyaye su ne farko. Wani mutum ya zo wurin Annabi (SAW) yana neman izinin fita jihadi, sai ya tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce suna raye ya mai da shi ga hidimarsu. In haka ne game da jihadin da ba farilla ainin ba, to ina ga tafiyar neman kuɗi? Malamai sun yi rangwame ga wanda babu hanyar ciyar da kansa da iyalinsa a garinsu kuma hanyar da zai bi amintacciya ce. Amma wanda shi kaɗai ne ga tsohuwarsa, ba mai ɗebo mata ruwa, ba mai kai ta likita, kuɗin da zai aiko ba za su tsaya a madadinsa ba sai in ya tanadi wanda zai kula da ita da yardarta. Sulalewa da dare ba sallama, a bar uwa tana yawon tambaya a tasha, saɓo ne babba.

Sai matar aure. Ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana ba su faɗuwa daga kan miji don ya yi tafiya. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi mai ma'anar cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta waɗanda ciyar da su ke wuyansa. Watannin farko a ƙasar waje galibi ba a samun abin aikowa gida, ko dai albashi bai fara ba, ko ana biyan bashin tafiya. Don haka mai hankali yakan bar wa gidansa hatsi da kuɗin cefane na wata uku zuwa shida, ya kuma wakilta wani amintacce, a gaban shaidu, wanda zai tsaya kan lamarinsu. Bayan ciyarwa akwai haƙƙin zama tare. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin mijinta, sannan ya iyakance wa mayaƙa watannin da za su yi ba su dawo gida ba, wasu riwayoyi suka ce huɗu wasu suka ce shida. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya yi nisa shekara ɗaya ko fiye, tana cutuwa da rashinsa, tana da damar kai ƙara ko da yana aiko da abinci. Alƙali zai rubuta masa: ko ya dawo, ko ya ɗauke ta zuwa inda yake, ko ya sake ta, in ya ƙi alƙali ya raba auren. Wanda kuma ya ɓace ba labari, in ya bar abin da za a ciyar da ita, za ta jira shekara huɗu daga ranar da aka gama bincike bayan kai ƙararta, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. In bai bar komai ba tana iya neman a raba auren saboda rashin ciyarwa ba sai ta jira wannan tsawon ba. Ya kamata miji da mata su san wannan, su yi magana a fili kan shekara nawa za a yi da yaushe za a riƙa zuwa ganin gida. Mun ga gidaje da yawa da aka yi wa amarya sallama da "sai bayan damina", yaron da aka bari a ciki ya shiga makaranta uban bai dawo ba.

Bashi ma haka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Malamanmu sun ce mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi tafiya idan lokacin biya zai yi alhali ba ya nan, sai in ya kawo wanda zai lamunce masa ko ya wakilta mai biya. Annabi (SAW) da kansa, a daren hijira, ya bar Sayyidina Aliyu (RA) a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyar da suka ba shi, mutanen da suke neman ransa. Saboda haka a rubuta abin da ake bin ka da abin da kake bi, da kayan mutane da ke hannunka, da adashin da kake ciki. A rubuta wasiyya kuma, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar cewa bai dace Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa magaji. Wasu na ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne, wannan camfi ne da ba shi da asali.

Takardu

Fasfo shi ne farko, kuma ƙasashe da yawa ba su ba da biza sai ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare. A lura suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a fasfo da takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardun makaranta. Mu muna ɗaukar Mahamadu da Muhammad da Mamman suna guda, amma ma'aikacin ofishin jakadanci mutum uku yake gani, kuma gyaran harafi ɗaya daga ƙasar waje yakan ci watanni. Katin allurar shawara ana nemansa a iyakoki da yawa. Yana fara aiki kwana goma bayan allurar, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A yi allurar da gaske, kada a sayi katin a bakin tasha. Ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha suna gwajin lafiya kafin su ba da izinin zama, suna duba tarin fuka da ciwon hanta da ƙanjamau, wanda aka samu da ɗayansu akan mai da shi gida. Gara mutum ya gwada kansa a asibitin garinsu kafin ya kashe ko dala. Masu takardun karatu ko na sana'a su kai a buga musu hatimin ma'aikatun da abin ya shafa, a fassara su wurin mai fassara da hukuma ta amince da shi. Kowace takarda a yi mata kwafi, a bar ɗaya a gida, a ɗauki hotonta a ajiye inda za a iya samu ko waya ta ɓace.

Masu zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma sun saba da yarjejeniyar CEDEAO ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza ya zauna har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a lokacin ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku har zuwa wani sabon bayani. Irin wannan tsari yana iya sauyawa, don haka a tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za a je dab da tafiya. Ko a lokacin da komai ke lafiya, kwana 90 na ziyara ne, mai son zama ya yi sana'a sai ya nemi katin zama. Manyanmu ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita, mutanen da suka yi shekara talatin a zango suka bar gidaje da shaguna. Najeriya ta yi irin haka a 1983. Maras takarda zamansa lafiya ne har ranar da siyasa ta juya.

Dillalai da yarjejeniyar aiki

Ƙa'idar da Ƙungiyar Ƙodago ta Duniya ta sa a yarjejeniyarta mai lamba 181 ta 1997 ita ce kamfanin da ke samar wa mutane aiki ba ya karɓar kuɗi daga hannun ma'aikaci. Dokar ƙodago ta Saudiyya ma ta ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na izinin zama da na tikitin komawa gida bayan ƙarewar aiki a kan mai ba da aikin. Idan dillali ya ce ka kawo miliyan, to tambayi kanka kuɗin mene ne. Alamomin macuci sanannu ne: ba shi da ofishin da hukuma ta sani, yana gaggauta ka, yana karɓar kuɗi ba rasiɗi, ba ya faɗin sunan kamfani ko gidan da za ka yi wa aiki, yana cewa ka shiga da bizar ziyara ko ta Umara in ka isa za a juya maka ita. Kasancewarsa ɗan unguwarku ko mai yawan zuwa masallaci ba hujja ba ce. Je ma'aikatar ƙodago ka tambaya ko yana da lasisi.

Kada a tashi sai an ga yarjejeniyar aiki a rubuce an fahimce ta. Ijara a shari'a ba ta inganta sai an san aikin, an san ladan, an san wa'adin. A duba nau'in aikin, albashi da ranar biya, awowin aiki da ranar hutu, wa ke da nauyin masauki da abinci da magani, hutun zuwa gida bayan shekara nawa kuma wa zai biya jirgi. A Saudiyya nassin Larabci shi ne abin dogaro idan aka yi saɓani, don haka a kai wa wanda ya iya Larabcin takardu ya karanta, kuma ɗalibanmu da suka yi karatu a can su ɗauki wannan a matsayin hidima ga jama'a. Wata dabarar da aka sani ita ce a nuna maka takarda ɗaya a gida, in ka sauka a miƙo maka wata da albashi ƙasa da na farko. Riƙe kwafin ta farko shi ne makaminka.

Sannan a yi lissafi da alƙalami. Riyal 3.75 na Saudiyya ne dala ɗaya ta Amurka, wato albashin riyal 1,000 bai wuce dala 267 ba, wajen jaka 150 zuwa 165 na sefa gwargwadon canji. Wanda ya ci bashin miliyan ɗaya don tafiya, in yana iya ware jaka 80 kowane wata, zai yi shekara guda da 'yan kwanaki yana biya kafin iyalinsa su ga komai, cikin kwantiragin da galibi shekara biyu ne. Ga kuɗin aikawa, wanda ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna ya fi tsada zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan kashi 8 cikin ɗari. Sau da yawa miliyan ɗin nan da an sa shi a kiwo ko noman rani ko injin niƙa da ya fi amfani. Bashin ruwa kuwa don a yi tafiya, haramcinsa ba ya buƙatar dogon bayani.

Tsarin kafala

Wanda zai je ƙasashen Tekun Fasha ya san cewa izinin zamansa, wanda mutanenmu ke kira igama, a ɗaure yake da mai gidansa, wato kafili. An yi gyare-gyare. Katar ta soke sharaɗin neman yardar kafili kafin canza aiki a 2020, ta kuma sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 na ƙasarta, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci in mai aikin bai ba da su ba. Saudiyya daga Maris 2021 ta ba ma'aikatan kamfanoni damar canza wurin aiki bayan shekara ɗaya da neman bizar fita da kansu. Amma wannan gyaran na Saudiyya bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, kuma su ne ayyukan da aka fi kai mutanenmu. Riƙe fasfon ma'aikaci ya saɓa wa doka a can, duk da haka ana yi. Idan ma'aikaci ya bar gidan kafili ba bisa ƙa'ida ba, kafili na iya kai rahoton gudu, abin da ake kira hurub, daga nan ya zama maras izini, in an kama shi sai gidan tarhil sai jirgin gida. Wanda aka zalunta ya kai ƙara ofishin ƙodago ya kuma sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa kafin ya yi tunanin gudu.

Game da mata muna magana ba kwana-kwana. Hadisan hana mace doguwar tafiya ba muharrami ingantattu ne, rangwamen da Malikiyya suka yi na amintacciyar tawaga kuma a hajjin farilla suka yi shi. Ko an ajiye maganar hanya, aikin gida yana nufin mace ta zauna ita kaɗai cikin gidan da ba ta san kowa ba, ba ta jin harshensu, wataƙila an karɓe wayarta. Ghana ta kai ga dakatar da kai masu aikin gida ƙasashen Tekun Fasha a 2017 saboda yawan koke-koke. Akwai gidajen kirki, babu shakka, amma ba ita ke zaɓa ba. Ba mu ba uba ko miji shawarar ya tura 'yarsa ko matarsa irin wannan aiki, kuma wanda ya zauna a inuwa yana jiran abin da za ta aiko ya sani nauyin da Allah ya ɗora masa ne ya juye mata.

Shiga da bizar Umara da niyyar zama kuwa saɓa alkawari ne. Mai karɓar biza ya yarda da sharuɗɗanta, Suratul Ma'ida kuma da umurnin cika alkawura ta buɗe. Falalar Makka da Madina ba ta halatta ƙarya, rayuwar ɓuya da gudun 'yan sanda da bara a bakin Harami kuma ba ita ce maƙwabtakar Ɗakin Allah da magabata suka nema ba. 'Ya'yan da aka haifa cikin wannan hali su ne abin tausayi, ba su da takardar can ba su da ta nan. A kiyayi kuma karɓar saƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Safarar miyagun ƙwayoyi hukuncinta na iya kaiwa ga kisa a Saudiyya. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya da ta je Umara saboda jakar ƙwayoyi da wasu suka liƙa wa sunanta a filin jirgi, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta bayyana. Ko goro, da muke gani ba komai ba, hukumomin alhazai suna gargaɗin kada a shiga da shi.

Hanyar hamada da teku

A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, 52 daga ciki yara, 33 mata. Motocinsu ne suka lalace a hanyar Aljeriya ƙishirwa ta kashe su, akasarinsu mutanen yankin Kance ne a jihar Damagaram. A farkon wannan watan ne kuma jirgin ruwa ya nitse kusa da tsibirin Lamfedusa na Italiya da mutum fiye da 360. A 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya. Waɗanda suka kai Aljeriya lafiya ma, har yau ana kwaso su a zubar a kan iyaka, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi zuwa Assamaka. Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, aka soke ta a Nuwamban 2023, motoci suka koma fita daga Agadas a fili. Soke dokar ya rage ɓuya, amma bai rage nisan hanya ko zafin rana ba, bai kuma rufe gidajen da ake tsare mutane a Libiya ana kiran iyayensu a waya su aiko da kuɗin fansa ba.

Masu cewa ai mutuwa da ajali, mu dogara ga Allah muka yi, su ji abin da Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas: wasu mutanen Yaman sun kasance suna fitowa hajji ba guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka su hau roƙon mutane, sai aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka tana umurni da yin guzuri. Mai raƙumi ma cewa aka yi ya ɗaure sannan ya dogara. Wanda ya hau kwale-kwalen roba da aka cika fiye da ƙima ya jefa kansa ga halaka da hannunsa, wanda kuma ya ɗauki ƙananan yara ya keta hamada da su don su yi masa bara, za a tambaye shi su.

Turai ta ƙofar gaba tana da wuya amma akwai ta. Bizar ziyara ta Shengen kwana 90 ce cikin kowane 180, kuma ba a aiki da ita. A Faransa mai ba da aikin ne ke fara neman izinin ɗaukar baƙo kafin a ba da bizar dogon zama. Ɗalibi a can an yarje masa aikin awa 964 a shekara, abin da zai taimaka amma ba zai ɗauki nauyin karatu duka ba. Jamus tana neman ɗalibi ya nuna kuɗin zaman shekara a asusu na musamman, wanda ya kai yuro 11,904 daga ƙarshen 2024, a canjin sefa 655.957 kan kowane yuro ya haura miliyan bakwai da rabi. Ƙirƙiro labarin ƙarya don neman mafaka, ko auren takarda, ko aiki da takardun wani, duk ƙarya ce da zamba. Mafi muni shi ne wanda zai ce ya bar Musulunci ana neman kashe shi don a ba shi izinin zama, alhali ba wanda ya tilasta shi furta wannan kalma.

Ibada a can

Matafiyi yana ƙasaru idan tafiyar ta kai mil 48, kimanin kilomita 80 da 'yan kai, kuma a Malikiyya ƙasaru tana yankewa da niyyar zaman kwana huɗu cikakku. Saboda haka wanda ya je zaman aiki yana cika sallarsa daga ranar da ya sauka, Juma'a da azumi kuma suna kansa kamar ɗan gari. Yana ɗaukar azumi ya sauke tare da mutanen ƙasar da yake, ba tare da garinsu ba. Zakkar fid da kai yana fitar da tasa inda yake, ya halatta kuma ya umurci iyalinsa su fitar masa a gida tare da tasu. A arewacin Turai, shekarun da Ramadan ya faɗo a tsakiyar bazararsu azumi yana kai awa 18 ko fiye, lokutan isha'i da asuba kuma suna matsowa kusa da juna, sai a bi jadawalin babban masallacin garin. Tun kafin a sa hannu a takarda a tambayi ko aikin ya haɗa da ɗaukar giya ko naman alade, ko zai hana zuwa Juma'a. Koyon abin da ya sauwaƙa na harshen ƙasar, ko da na gaisuwa da ƙirga da bayanin ciwo ga likita ne, yana cikin shiri.

Da zarar an sauka, a je a yi rajista a ofishin jakadanci ko ƙaramin ofishinsa, a karɓi katin da suke bayarwa. A nemi shugaban 'yan ƙasa ko sarkin zango da limamin mutanenmu a gabatar da kai, domin su ne ke tsayawa in an shiga hannun hukuma ko an kwanta ciwo. A aika wa gida cikakken adireshin wurin aiki da sunan mai gidan da lambar wani abokin zama, a kuma ajiye cikin aljihu wata 'yar takarda da aka rubuta, da harshen ƙasar, suna da lambar wanda za a kira a gida, da bayanin cewa mai ita Musulmi ne, domin in ta Allah ta kasance a yi masa wanka da salla a sanar da magadansa.